Rihanna: goyo ne ya raba ta da waƙa ko hoda da janbaki?

Sadiq Navy:
Jama'ar gida, ni fa na cire rai da R9, kundin waƙoƙin Rihanna na tara da muke ta jira. A Janairun 2026 Anti, kundinta na takwas, ya cika shekara 10 cif da fitowa, kuma har yau Rihanna ba ta ƙara mana wani kundi ba. A Satumban 2025 ta sake haihuwa, mace wannan karon. Ku duba jerin: Mayun 2022, Agustan 2023, Satumban 2025. Yara uku cikin shekara uku da 'yan watanni. Wace mace ce za ta kwana a sitidiyo da irin wannan goyo? Fim ɗin ma da take ɗan taɓawa ya koma ɗora murya a katun ɗin yara. Ban ce ta yi laifi ba, amma haihuwa ta rufe babin waƙarta, mu masoyanta mu daina yaudarar kanmu. Wa ke da ja?

Ummi_B:
Ni ke da ja, Malam Sadiq, kuma lissafin da ka kawo shi zai kayar da kai. Anti ya fito ƙarshen Janairun 2016. Ɗanta na fari ya zo a Mayun 2022. Tsakani akwai shekara shida da ɗoriya, ba goyo. To wa ya riƙe ta a lokacin? Yaran nan sun zo sun tarar da shirun ne. Abin da ya faru a tsakanin kuma kowa ya gani: Satumban 2017 ta buɗe Fenty Beauty na kayan kwalliya, 2018 ta buɗe Savage X Fenty na kayan ciki, 2019 ta buɗe gidan ɗinki tare da LVMH na Faransa. In dole sai an kama mai laifi, a kama hoda da janbaki, a ƙyale jarirai su sha nono.

Zee:
Ummi ta rufe taro tun ba a buɗe da addu'a ba 😂

Sadiq Navy:
Ba ta rufe komai ba. Kafin yaran jinkiri ne, akwai rai a maganar. A 2017 muna jin ta a waƙar DJ Khaled, muna jin ta tare da Kendrick Lamar, har suka ci Grammy da waccan waƙar. A 2018 aka ce kundin rege take haɗawa, ita da kanta ta amsa wa wani masoyinta a Instagram cewa 2019 zai fito. Yanzu fa? A 2024 an ɗauki hotonta a New York sanye da riga da aka rubuta cewa ta yi ritaya. Jinkiri daban, ritaya daban.

Ummi_B:
Rigar tsokana ce. A watan ma ta faɗa wa 'yan jarida cewa ba ta ajiye waƙa ba, sabon zubi za ta yi wa kundin daga farko. Kuma 2019 ɗin da ta yi alkawari ta saɓa, wane yaro ne ya sa ta saɓa?

Kabiru Mai Kiɗa:
Ku bari in shigo ta ɓangaren da na fi sani, don aikin haɗa sauti nake yi. Mutane suna kallon shekara 10 da ba ta yi kundi ba, suna manta shekarun da ta yi kafin nan.

Tana 'yar shekara 16 ta tsaya gaban Jay-Z a ofishin kamfanin waƙa na Def Jam ta rera, aka sa mata hannu a kwantiragi a ranar. Daga 2005 zuwa 2012 ta fitar da kundi bakwai. Bakwai cikin shekara takwas! 2008 ce kaɗai ba ta yi sabo ba, ita ma sai da aka sake fitar da Good Girl Gone Bad da ƙarin waƙoƙi. Daga 2009 kuwa duk watan Nuwamba sai sabon kundi ya fito, sau huɗu a jere. Kuma ba zama take yi tsakani ba. Rangadin Loud a 2011 wasa kusan 100 ne, goma daga ciki a zauren O2 na Landan kaɗai. Rangadin Diamonds a 2013 shi ma kusan 100. A Nuwamban 2012 aka loda ta da 'yan jarida da masoya a jirgi ƙirar Boeing 777, wasa bakwai, ƙasa bakwai, kwana bakwai. Ana gama wasa a shiga ɗakin otal a kafa makirfo a ɗauki muryar kundi na gaba, don ba wani lokacin sai wannan.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan wahalar, a 2012 ta maka tsofaffin akantocinta a kotu tana cewa sun bar ta cikin asara, rangadin da ta yi a 2010 ma faɗuwa aka yi. Daga baya aka sasanta. Yarinyar da duniya ke rera Umbrella ɗinta, wadda ta yi mako 10 a lamba ɗaya a Ingila, ita ce ke kukan aljihu.

Dalili kuwa a tsarin sana'ar yake. Kuɗin da kamfani ya ba mawaƙi tun farko bashi ne, daga kasonsa ake cirewa, har da kuɗin sitidiyo da wani ɓangare na kuɗin bidiyo. Sannan kason rubutu na wanda ya rubuta waƙar ne. The-Dream da abokan aikinsa suka rubuta Umbrella, Sia na cikin waɗanda suka rubuta Diamonds, We Found Love ta Calvin Harris ce. Mai rerawa sai ta hau dandamali kafin ta ga kuɗi mai kauri, dandamali kuma da jiki ake biyansa. Da Forbes ta ƙiyasta dukiyarta a Agustan 2021 ta ce dala biliyan 1.7, biliyan 1.4 daga Fenty Beauty ne, wanda rabinsa nata ne. Fandeshan yana sayuwa tana barci. Waƙa sai ta tashi ta je. Ko ni ne na san wanda zan zaɓa.

Zee:
Kuma ba sa'a ba ce kawai. Kala 40 ta fito da su a rana ɗaya, lokacin da baƙar mace ke shiga kanti a Amurka ta rasa wanda ya hau da fatarta. Sauran kamfanonin dole suka bi sahu.

Kabiru Mai Kiɗa:
Haka ne, sai dai ba duk abin da ta taɓa ne ya zama zinariya ba. Gidan ɗinkin da suka buɗe da LVMH bai kai shekara biyu ba aka dakatar da shi a Fabrairun 2021.

Hajiya Larai:
Na karanta duka. Ummi, 'yata, kin iya lissafi, amma kada ki raina goyo. Gaskiya ne ba yaran suka fara shirun ba. Amma mai niyyar dawowa gobe, in goben ta zo mata da laulayi, sai ta koma jibi. Jibin ta zo da jego. Kafin a yi yaye wani cikin ya shiga. Tsakanin na fari da na biyu wata 15 ne fa, kunika ce sosai. Wanda bai yi ba gani yake kamar ranaku ne kawai ake ƙirgawa.

Ni abin da na sani, ba hannu ne goyo ya fi ci ba, kai yake ci. Ƙarfe uku na dare kin samu ya saki nono, kin lallaɓa kin kwantar da shi, kin zare hannunki daga ƙarƙashin wuyansa a hankali kamar ɓarauniya, kina juyawa sai babban ya farka yana kiran sunanki. Da safe a ce ki zauna ki ƙirƙiro abin da zai motsa zuciyar mutum miliyan. Taron kamfani za ki iya zama da ido biyu jajur ki ce wannan kalar ta yi, waccan ba ta yi ba, ki sa hannu ki tashi. Waƙa ba ta karɓar rabin hankali. Saboda haka Sadiq bai yi ƙarya duka ba. Inda na saɓa da shi shi ne yadda yake faɗar abin kamar an yi mana rasuwa.

Sadiq Navy:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ai rasuwar ce a wajenmu 😭

Hajiya Larai:
Kul, ƙanena. Mace na raye da 'ya'yanta uku lafiya lau ka ce rasuwa? Kundi takwas ta bar muku, ku yi ta juyawa.

Baban Amira:
Hajiya, da girmamawa, amma matar nan biloniya ce. Masu raino nawa za ta iya ɗauka? Ba irin goyon da muka sani ba ne.

Hajiya Larai:
Baban Amira, ranar da Amira ta yi zazzaɓi da dare, wa ta kira? Kuɗi zai ɗauko mai wanki da mai dafa abinci da mai riƙe yaro ki yi wanka. Ba zai ɗauki cikin a madadinki ba, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi ba ya sanin albashin mai raino.

Baban Amira:
Mamanta ta kira. Na yi shiru.

Sista Rabi:
Tun da an zo maganar jiki bari in sa baki, ungozoma ce ni. Akwai abin da masu cewa "ai a Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, ba ta yi rawa sosai ba" ba su lura da shi ba. Mawaƙi da numfashi yake aiki, numfashin kuma daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake samun ƙarfi. Idan mahaifa ta girma tana tura wannan tantanin sama, zuwa ƙarshen ciki yakan ɗaga da kusan santimita 4. Tun kafin cikin ya fito ma sinadaran jiki suna sa mace ta riƙa jin numfashinta bai isa ba, ta hau bene kaɗan ta tsaya tana haki. Ga ƙwannafi, wanda ruwan cikin ke hawowa ya ƙona maƙogwaro, da safe murya ta dushe. Bayan haihuwa naman ciki ya saki, sai an ɗau watanni kafin ya koma, in aiki aka yi kuma abin ya fi haka.

To ku tuna 12 ga Fabrairun 2023 a Arizona. Jaririnta na wata tara, wani cikin ya riga ya tasa. Ta fito cikin jajayen kaya tun daga sama har ƙasa, zif ɗin a buɗe zuwa ƙasan cibiya, tana tsaye a kan wani faranti da aka rataye da wayoyi can sama da filin. Ta sa hannu ta shafa cikin sau ɗaya, ba ta ce komai ba. Minti 13 tana rera waƙa bayan waƙa, ba baƙon mawaƙi ko ɗaya da zai karɓe ta ta huta, masu rawa cikin fararen kaya su ke ta tsalle kewaye da ita. Mutum sama da miliyan 118 na kallo. Ni da na gani ba rawar nake dubawa ba, kafaɗunta nake kallo ina ƙirga inda take satar numfashi.

Zee:
Kuma a tsakiyar wasan wani ɗan rawa ya miƙo mata hodar Fenty, ta shafa a hanci ta gefe biyu, ta mayar masa ta karɓi makirfo 😂 Daƙiƙa uku ba ta cika ba.

Kabiru Mai Kiɗa:
Wannan daƙiƙa ukun su ne ladan wasan. Ba a biyan mawaƙi kuɗin fitowa a hutun rabin lokacin Super Bowl, kuɗin shirya wasan kawai ake ɗauka. Kowa tallar kundinsa ko rangadinsa yake zuwa yi. Ita ba kundi ba rangadi, sai ta tallata abin da take da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda zuciyar kasuwancinta take.

Malam Tanimu:
Ni fa ban cika shiga irin wannan zance ba, amma tun da ana ta yabo bari a ji ɗaya ɓangaren. Mace da juna biyu a rataye ta a sama saboda kallo, ina hikimar? Da wani abu ya tsinke fa? Sannan tun cikin farko ta mayar da shi abin nuni, hotunan da aka ɗauka a Harlem a Janairun 2022 ciki a waje cikin sanyi. Na uku ma a wajen bikin Met Gala aka bayyana shi. Wanda ya fi damuna shi ne shari'ar uban yaran, A$AP Rocky, a Los Angeles a Fabrairun 2025. Ta ɗauko yara biyu ƙanana ta kai su cikin kotu, har mai gabatar da ƙara ya ja kunnen masu taya alƙali yanke hukunci kada ganin yaran ya karkatar da su. Yaro ɗan shekara biyu me ya haɗa shi da kotu? Ina jin tsoron a wannan duniyar tasu komai kayan talla ne, har ciki har ɗa.

Ummi_B:
Malam, Allah ya gafarta, maganar kotun ina tare da kai rabi. Ni ma ban so ganinsu a wurin ba. Amma mutumin shekaru masu yawa a kurkuku yake fuskanta da an same shi da laifi, ƙila ta ga gara ya gan su. An wanke shi a 18 ga watan. Maganar ratayewa kuma, a ɗaure take da igiyar tsaro ta baya, kuma farantan an yi su ne don kada nauyin dandamali ya lalata ciyawar filin da za a koma wasa a kai.

Game da hotuna, ka duba ta wani gefen. Mace irin ta ba ta da zaɓin ɓoyewa. Masu kyamara na bakin ƙofarta dare da rana, in ba ta fitar ba su za su fitar, su sayar, su rubuta abin da suka ga dama a ƙasa. Ɗanta na fari ma wata bakwai ba wanda ya ga fuskarsa, sai a Disamban 2022 ta sa bidiyonsa da kanta.

Malam Tanimu:
Na ji, 'yata. Ban gamsu da shigar ba dai, kuma ba zan gamsu ba.

Hajiya Larai:
Shigar kam ni ma ba ta yi mini ba, Malam. Amma ba ita aka tambaya ba.

Fa'iza Films:
Kun bar fim a baya, ni kuma shi ya kawo ni. Sadiq ya ce haihuwa ce ta mayar da ita katun. A'a. Home ya fito a 2015, ita ta ɗora muryar yarinyar da ke neman mahaifiyarta, Jennifer Lopez ta yi muryar uwar. Shekara bakwai ke nan kafin ta haihu. Smurfs na 2025 komawa ce ga abin da ta riga ta iya.

Kuma mu faɗi gaskiya ko da muna sonta: Rihanna ba ta taɓa zama 'yar fim ta sosai ba, balle a ce yara sun ƙwace mata. Battleship a 2012, sojar ruwa ce riƙe da bindiga, yawancin maganganunta kalma biyu uku ne ana ihu. Har kyautar Razzie ta ci da shi, wadda ake ba wanda ya fi kowa rashin iyawa. Valerian na Luc Besson a 2017, fitowarta ta rawa ce mai canza kamanni, kyakkyawan kallo, amma bidiyon waƙa ne aka dasa a tsakiyar fim. Inda ta fi burge ni Ocean's 8 ne a 2018, da ta fito a mai kutsen kwamfuta. Me ya sa ya yi kyau? Saboda ba a ce ta yi kuka ko dogon jawabi ba. An bar ta ta zauna a kujera da rigar soja da dogon gashi, tana kallon su Sandra Bullock da Cate Blanchett kamar duk sun gundure ta. Wannan kallon nata ne tun asali, ba koya ta yi ba.

Wanda ya fi ba ni haushi Guava Island ne, 2019, da aka ɗauka a Kuba tare da Donald Glover. Fim na waƙa, a tsibiri, ga 'yar Barbados a ciki, amma ba ta rera ko baiti ɗaya ba. Shi ke ta waƙa tana kallonsa. Wa ya yanke wannan shawarar?

Ku gwada da waɗanda suka shiga fim da gaske. Cher ta ci Oscar da Moonstruck. Jennifer Hudson ta ci da Dreamgirls, fim ɗinta na farko. Lady Gaga ta ɗauki A Star Is Born a kanta a 2018 har aka sa ta takarar gwarzuwar 'yar wasa. Waɗannan sun ajiye sunansu a bakin ƙofa sun zama wata. Rihanna duk inda ta shiga Rihanna ce.

Sadiq Navy:
Fa'iza kin yi tsauri. Ai ita ma ta je Oscar.

Fa'iza Films:
Da waƙa ta je, ɗan'uwa, ba da wasa ba. Lift Me Up ta fim ɗin Black Panther na biyu, wadda aka yi don tunawa da Chadwick Boseman, kuma Tems na cikin waɗanda suka rubuta ta. Ta rera ta a bikin a Maris 2023 da cikinta, wata ɗaya bayan Super Bowl. Naatu Naatu ta fim ɗin RRR na Indiya ce ta ɗauke kyautar. Ka lura kuma, wannan waƙar ta fito a Oktoban 2022, jaririnta na wata biyar. Ita ce waƙarta ta kanta ta farko tun zamanin Anti. Wato abin da ba ta yi ba a shekara shida tana ita kaɗai, ta yi shi da goyo.

Ummi_B:
Yawwa Fa'iza! Ki ƙara masa da Super Bowl ɗin kansa. An nemi ta yi na 2019 ta ƙi, saboda goyon bayan Colin Kaepernick, ɗan wasan da ya riƙa durƙusawa lokacin taken ƙasa don adawa da wariyar launin fata. Da ta karɓa a 2023, ita da bakinta ta danganta ƙarfin halin da zama uwa.

Ga kuma tambayar da nake so mazan gidan nan su amsa. Uban yaran mawaƙi ne shi ma. Bayan kundinsa Testing na Mayun 2018, ya yi sama da shekara bakwai bai fitar da wani ba. Yaran nan uku nasa ne kamar yadda suke nata. Wa ya taɓa buɗe muhawara ya ce haihuwa ta kashe wa Rocky waƙa? Frank Ocean ya fitar da Blonde a Agustan 2016, shekara ɗaya da Anti, shi ma shiru har yau. Shi ana cewa gwani ne, ba ya gaggawa, yana jiran ilhama. Mace ta yi shirun sai a leƙa zaninta.

Baban Amira:
Wannan kam ba mu da amsa. Ni ko sani ban yi ba cewa Rocky ya daɗe haka.

Sadiq Navy:
Saboda ba wanda ke jiran Rocky kamar yadda ake jiran ta, shi ya sa. Waƙa 14 ta kai lamba ɗaya a jadawalin Billboard, Grammy tara. Amma to, ga Beyoncé. Ita ma 'ya'ya uku. Ta fitar da Renaissance a 2022, ta zaga duniya a 2023, ta fitar da Cowboy Carter a 2024 har ya ci kundin shekara a Grammy. In ana so ana iyawa.

Zee:
Sadiq ka sauya layi fa. Ɗazu ka ce mai yara uku ba za ta iya ba, yanzu ka kawo mai yara uku da ta iya 🤔

Sista Rabi:
Kuma ka san abin da ta biya? Ita ta ba da labarin da kanta. Cikin tagwayen da ta haifa a Yunin 2017 ya zo mata da hawan jinin masu ciki, irin wanda in ya ƙazanta yake kai wa ga jijjiga. Ta kumbura, ta yi sama da wata a kwance, ranar haihuwa nauyinta ya kai kusan kilo 99, aikin gaggawa aka yi mata, jariran suka yi makonni a sashen kula da jarirai. Wata 10 bayan nan ta hau dandamalin Coachella ta yi kusan awa biyu tana rawa. A fim ɗin Homecoming an nuna yadda ta yanke burodi da sukari da nama da madara tana atisaye, tana shayarwa a tsakani, kuma ta ce ba za ta ƙara matsa wa kanta haka ba. Da majinyaciyata ce da faɗa za mu yi. Ana nuna wa mata wannan a ce "ga shi ta iya", ba a nuna musu tabon aikin.

Kabiru Mai Kiɗa:
Sannan bishiyar kuɗinsu ba ɗaya ba ce. Beyoncé dandamali ne gonarta. Harkar tufafin da ta yi da Adidas rabuwa suka yi a 2023, rangadin Renaissance kuwa ya tara sama da dala miliyan 500. Dole ta fita. Rihanna ba dole. Tun da ta gama rangadin Anti a ƙarshen 2016, cikakken wasan da aka gan ta ta yi shi ne na bikin gidan attajiri Ambani a Jamnagar ta Indiya a Maris 2024, ba takalmi a ƙafarta, dare ɗaya ta koma gida. Ga kuma asalin faifan waƙoƙinta a hannunta suke, ta mallake su tun kafin Anti, shi kansa Anti ya haura mako 400 a jadawalin Billboard 200. Tsofaffin waƙoƙin na kawo kuɗi ba tare da ta motsa ba.

Abin da nake ganin ya fi riƙe ta ma tsoron Anti ne. Shi ne kundin da ta yi don kanta, ta bar salon da rediyo ke so, kuma shi aka fi girmamawa. Duk shekarar da ta ƙaru, abin da ake jira ya ƙara girma. A farkon 2025 ta ce maganar rege ma ta wuce, kundin ba shi da wani salo guda. Wanda ya ce maka haka bayan shekara tara yana aiki, ka san ya zubar da waƙoƙi da yawa a kwandon shara.

Hajiya Larai:
Akwai wata da nake ji tun ina budurwa, Sade. Ita ba ta yi irin wannan ɓatan ba?

Kabiru Mai Kiɗa:
Ta yi, Hajiya, har sau biyu. Love Deluxe 1992, ta haihu a 1996, ba a sake jin kundi ba sai Lovers Rock a 2000. Ta ƙara ɓacewa sai 2010 da Soldier of Love, kuma ya shiga a lamba ɗaya a Amurka. Masu saurarenta sun girma tare da ita, suka jira. Akwai kuma hanyar Céline Dion. Ta tsaya ta haihu a Janairun 2001, da za ta dawo sai aka gina mata zaure a Las Vegas, daga 2003 zuwa 2007 ta yi wasa sama da 700 a wuri ɗaya. Maimakon ta bi duniya, duniya ta biyo ta, ta kwana gida kusa da ɗanta. Adele ma haka ta yi daga 2022 zuwa 2024, ƙarshen mako kawai. In Rihanna za ta koma dandamali da yara uku ƙanana, ni nan nake sa ran ganinta, ba a jirgi ƙasa bakwai kwana bakwai ba.

Ummi_B:
Kada a manta da Lauryn Hill, don ita ce misalin da ya kamata Sadiq ya kawo tun farko. Kundi ɗaya tak na sitidiyo ta yi ita kaɗai, a 1998, ta kwashi Grammy biyar a dare ɗaya, ta haifi shida. A cikin kundin akwai To Zion, inda ta faɗi yadda aka ba ta shawarar ta duba sana'arta kada ta bar cikin farko. A shekarun 1990 ke nan. Whitney Houston ta haihu a Maris 1993, kafin ƙarshen bazarar shekarar tana kan rangadin duniya saboda The Bodyguard na kan ganiyarsa, ba mai jiran ta gama jego. Rihanna ta samu abin da waɗannan ba su samu ba: ba kamfanin da zai buga mata waya ya ce Nuwamba ta kusa.

Sadiq Navy:
Duk na ji. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa da ba yaran da yanzu mun samu, ko da a 2023 ne bayan Super Bowl, lokacin da tsofaffin waƙoƙinta suka sake hawa jadawali. Wannan damar ta wuce saboda ciki. Ba na neman rangadi. Waƙa takwas ma ta isa, ko minti 25 ne.

Fa'iza Films:
Ni kuma fim ɗaya nake roƙo. A Barbados, da harshen da take yi in ta manta ana ɗauka, ba na Amurka ba. Ƙasar da ta sa wa titin da ta taso a kai sunanta a 2017, ta naɗa ta gwarzuwar ƙasa ranar da ta zama jamhuriya a 30 ga Nuwamban 2021, amma ba fim ɗinta ko ɗaya da aka yi a can. A ba ta uwa mai sayar da kaya a kasuwar Bridgetown da yara uku a gindinta, a ga ko ba za ta ba Razzie kunya ba.

Kabiru Mai Kiɗa:
Wa zai zuba kuɗin?

Zee:
Mai biliyan kake tambaya wa zai zuba kuɗi? Hoda za ta biya 😂

Sadiq Navy:
In za ta yi fim ɗin to ta haɗa da waƙoƙinsa, mu ƙirga shi a R9 mu huta. Kabiru, in kundin waƙoƙin fim ne yana shiga lissafin kundi na tara ko ba ya shiga?

Kabiru Mai Kiɗa:
Ba ya shiga. Na Home ma ta jagoranta a 2015, waƙa uku nata ne a ciki, kuma ba wanda ya kira shi na takwas.